Walimar sauka da sharaɗin hana masu niƙabi shiga: muhawarar zauren iyaye a Gombe

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Assalamu alaikum iyaye da malamai. Takardar gayyatar walimar saukar yaranmu ta iso hannuna da yammar nan, kuma a ƙasanta an jera sharuɗɗa uku: ba a shiga da babbar jaka, ba a shiga da kular abinci, sannan duk mace mai niƙabi ta bar shi a gida ko ta tsaya a waje. Biyun farko ban da ja a kansu. Na ukun ne ya hana ni sukuni. Tun kafin in yi aure nake sa niƙabi. Da shi nake zuwa biyan kuɗin wata, da shi nake zuwa taron iyaye, malaman makarantar nan ba su san ni da wata shiga ba. Yanzu ranar da 'yata za ta zauna gaban jama'a ta karanta Baƙara, ranar ce za a ce in zaɓa tsakanin suturata da ganin 'yata? Ina roƙon kwamiti ya gaya mana dalili. Kuma ina so in sani, akwai mace ko guda a zaman da aka yanke wannan hukunci?

Bappa na Jekadafari:
Wa alaikumus salam. 'Yata, ba sai kin nemi mai laifi da nisa ba, ni na kawo shawarar kuma ni na dage a kanta. Kin ji abin da ya faru a Gwoza ranar 29 ga Yunin 2024. Mata ne suka shiga da bam, ɗaya wurin biki, ɗaya kusa da asibiti, ɗaya kuma wurin jana'izar waɗanda bam ɗin farko ya kashe. Sama da mutum 30 suka rasu. Mun ɗauka wannan zamani ya wuce, ashe bai wuce ba. Mu kuma za mu tara yara da iyayensu mata cikin fili mai ƙofa ɗaya.

Ina Babbar Kasuwa ranar 16 ga Yulin 2015, jajiberin ƙaramar sallah, da yamma ana ta rububin sayayya, bam biyu suka tashi ɗaya bayan ɗaya. Kusan mutum 50. Da hannuna na taimaka aka ɗora gawar wata baiwar Allah a bayan a-kori-kura, da ɗanyen lalle a tafinta, ledar takalmin yaro tana rataye a wuyan hannunta. Wanda ya ga wannan ba ya wasa da ƙofa. Gara ki yi fushi da ni shekara guda, da in tsaya gaban Allah da jinin yaran mutane. Mace kuwa babu a zaman, gaskiya ce, mu bakwai ne duk maza.

Ɗan Pantami:
Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bappa, ba wanda zai raina abin da idonka ya gani. Amma mu tuna da kyau yadda hare-haren garin nan suka kasance. Na tashar Gombe Line a ƙarshen Oktoban 2014, da na tashar Dukku ranar 22 ga Disamban shekarar, ba wata mai niƙabi da aka ce ta kai su, ajiye bam aka yi cikin cunkoson fasinja. A Potiskum, Nuwamban 2014, wanda ya hallaka ɗalibai sama da 40 a wurin taron safe kayan makaranta ya sa. Waɗanda suka kwashe 'yan matan Chibok 276 da kakin soja suka zo. Mugu yana sa duk rigar da za ta shigar da shi. Idan sutura ce abin tsoro, babbar riga ta fi hijabi ɗaukar kaya, kuma rabin mazan da za su zo walimar nan da ita za su zo. Takardar ba ta ce komai a kansu ba.

Bappa na Jekadafari:
Ɗana, namiji ina iya sa hannu in lalube shi daga wuya zuwa idon sawu, ba wanda zai ce uffan. Mace fa? Ka gaya min wane ɗan agaji ne zai taɓa matar mutum ya kwana lafiya. Su ma mutanen dajin abin da suka gano ke nan, shi ya sa suka koma turo mata. Kuma kada ka manta a garin nan aka fara. Mace ta farko da ta tayar da bam a jikinta a Najeriya a bakin barikin soja na Gombe ta yi, 8 ga Yunin 2014.

Malama Asabe, Bolari:
Bappa ya faɗi gaskiya a wannan gaɓar, kuma bai kamata mu mata mu yi kamar ba mu sani ba. Wata cibiyar nazarin ta'addanci ta makarantar sojan West Point a Amurka ta ƙirga 'yan ƙunar baƙin waken Boko Haram daga 2011 zuwa tsakiyar 2017, ta samu 434, kuma 244 daga cikinsu mata ne. Hukumar UNICEF ta ce daga Janairu zuwa Agustan 2017 kaɗai yara 83 aka ɗaura wa bam, 55 'yan mata, mafi yawansu ba su kai shekara 15 ba. To amma ku dubi abin da alƙaluman suke faɗa. Yara ne, da yawansu sato su aka yi, wasu ba su ma san abin da aka ɗaura musu ba. Kuma jigidar bam a ciki da ƙirji ake ɗaura ta, ba a fuska ba. Mace za ta iya buɗe fuskarta tar, tana murmushi, da kayan mutuwa a ƙarƙashin atamfa. Hana niƙabi zai hana Maman Hanifa shiga, wadda kowa ya san gidanta da mijinta, amma ba zai tsayar da baƙuwar da aka turo ba, domin ita za a gaya mata ta cire kafin ta iso.

Abban Sadiƙ:
Ni dai ina bayan kwamiti. Chadi ta hana rufe fuska a 2015, Kamaru ta hana a yankin Arewa Mai Nisa, Nijar ta hana a Diffa. Chadi da Nijar Musulmi ne suka fi yawa, ba wanda zai ce ƙiyayyar addini ce. Shugaba Buhari kansa a hirarsa da 'yan jarida ƙarshen Disamban 2015 ya ce idan abin ya ci gaba za a iya duba batun hana hijabi. Mu yini ɗaya kawai muka ce.

Ɗan Pantami:
Abban Sadiƙ, ka ƙarasa labarin Chadi. An yi dokar a tsakiyar Yuni bayan harin Njamena. Ranar 11 ga Yuli, wata guda bai cika ba, wani namiji ya yi shigar mata da fuska a rufe ya tayar da bam a ƙofar babbar kasuwar birnin. Dokar tana nan, bam ya tashi. Maganar Buhari kuma ka san ƙurar da ta tayar, har fadar shugaban ƙasa ta fito ta ce ba a hana hijabi ba kuma ba a da niyyar hanawa.

Abban Sadiƙ:
Ai wannan hujjata ce, ba taka ba. Namiji ya ɓuya cikin niƙabi. Da fuska a buɗe take da tun daga nesa an gane shi.

'Yar Bauchi a Tumfure:
Ku ba ni dama in faɗi abin da ya faru a garinmu, don yana da nasaba da "tun daga nesa an gane shi" ɗin nan. Farkon Maris ɗin 2015, ranar Lahadi, a ƙofar kasuwar Muda Lawal, wata mata ta ƙi yarda a caje ta. Aka ga kwalabe a jikinta, wani ya yi ihu, jama'a suka rufe ta da duka, suka rataya mata taya suka cinna wuta. Ba a samu bam a jikinta ba. Daga baya danginta da 'yan sanda suka ce tana fama da taɓin hankali ne. Waɗanda suka yi wannan aika-aika ba 'yan daji ba ne, mutanen gari ne irinmu, masu sayar da tumatir da masu turin baro, waɗanda tsoro ya cika wa ciki.

Ina zaune a Bauchi a lokacin, kuma na san yadda muka koma. Mace mai dogon hijabi ta tsayar da Keke Napep, sai ya rage gudu ya dube ta sama da ƙasa ya wuce. Kika shiga motar haya sai a yi tsit, kowa yana kallon cikinki. Ƙanwata tana da ciki wata bakwai, mai gadin wani banki ya sa ta ɗaga hijabinta har wuya a gaban layin maza, sandar na'urar tana hannunsa bai ko kunna ta ba. Ta dawo gida tana kuka, ba ta sake fita ba sai ranar haihuwa, awon ciki ma ta daina zuwa. Hausawa sun ce wanda maciji ya sara in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, na yarda. Amma mu ba gudu aka yi daga gare mu ba, kanmu aka yo. Duk takardar da ta ware mace mai sutura ta ce ita ce abin zargi, tana koya wa yaran da ke bakin ƙofa wa za su fara yi wa ihu.

Goggo ta Herwagana:
Innalillahi. Na tuna wannan labari, har yau in na tuna jikina yana sanyi. Allah ya kiyaye mu da ɗaukar alhakin rai.

Malam Liman, Kumbiya-Kumbiya:
Bismillah. An turo min saƙo cewa in ce wani abu ta fuskar shari'a. A taƙaice: mashahurin zance a mazhabar Malikiyya da muke kai shi ne fuska da tafin hannu ba al'aura ba ne. Akwai malaman da suka wajabta rufe fuska, kuma wadda ta bi su ba a zarginta, tana neman kusanci ne da Ubangijinta. Su kansu waɗanda suka wajabta sun halatta buɗewa idan buƙata ta kama, kamar ba da shaida gaban alƙali, ko magani, ko tabbatar da ko wace ce. Mai harami da hajji ma an hana ta sa niƙabi. Saboda haka mace ta ce ba za ta taɓa nuna fuskarta a wurin bincike ba, ba ta da hujja. Amma buƙata gwargwadonta ake ɗaukarta. Idan mace 'yar uwarta za ta iya ganin fuskar cikin daƙiƙa kaɗan a bayan labule, babu dalilin da za a ce ta yini a buɗe gaban maza, balle a kore ta daga majalisin Alƙur'ani. Duk wanda ya je Umara ko Hajji ya ga yadda ake yi a filin jirgin Jidda da Madina: mata suna da nasu ɗaki, jami'ai mata ke duba su. Ba mu fi su tsoron hari ba.

Maman Hanifa, Tudun Wada:
Allah ya gafarta Malam, abin da nake nema ke nan, ba ƙari. Ban taɓa ƙin bincike ba. Fasfona da katin zaɓena duk da fuskata a buɗe suke. A kafa rumfa, a sa mata, in shiga in ɗaga, a lalube ni, a duba jakata, in saki niƙabina in wuce. Kuma a yi wa kowa, mai gyale da mai hijabi da matar shugaban kwamiti. Abin da ke ciwo shi ne a zare mutum ɗaya daga layi.

Adda 'yar agaji:
Na yi shiru ne ina karantawa, amma tunda an zo kan "a sa mata", dole in yi magana, don ni aka sa. A 2015 ina cikin matan da suka tsaya ƙofar filin idi da wuraren tafsiri. Kowa yana cewa a sa mata su caje mata kamar abu ne mai sauƙi. Ku sani wadda ke bincike ita ce ta farkon mutuwa. A barikin nan da Bappa ya ambata, sojan da ya tsayar da matar shi ya rasu. A Damaturu, safiyar sallar da ta biyo bayan harin kasuwarmu, a daidai wurin da ake caje masallata bam ya tashi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda aka turo yarinya ce 'yar kimanin shekara 10. Da wannan labari a kunnenmu muka ci gaba da tsayuwa a ƙofofi.

Yadda muke yi: zana biyu da tabarma a ƙasa, mace ta shigo ita kaɗai, in ce mata ta buɗe hannuwa, in fara daga kafaɗa in gangaro. Inda hankali yake tashi shi ne ƙugu da goyo. Sau da yawa hannuna zai taɓa wani abu mai tauri, numfashina ya tsaya, ashe lalitar kuɗi ce ko waya ko guru. Wata tsohuwa ta taɓa riƙe hannuna ta ce, 'yar nan hannunki rawa yake, yi bismilla ki ci gaba, ni ma tsoron nake ji. Na'ura ɗaya aka ba mu mu shida, batirinta ya mutu kafin a tayar da salla. Ba wanda ya koya mana abin da za mu yi idan mun samu abin da muke nema. Ba wanda ya tambayi mazajenmu ko 'ya'yanmu wa zai riƙe su idan ba mu dawo ba. Da aka gama, maza 'yan agaji aka kira gaban jama'a aka yi musu godiya.

Zan tsaya ranar Asabar idan an nema, don yaran nan namu ne. Amma da sharaɗi. Rumfar ta yi nisa da inda jama'a suke taruwa, kada a bar layi ya cunkushe a bakinta, don cunkoson ƙofa shi ne abin da mai hari yake so. A samo na'ura biyu masu aiki da batirin canji. A sanar da ofishin 'yan sanda na yanki a roƙi su turo mace ko da guda. Kuma mu zauna a kwamitin, ba a gama yanke magana a aiko mana da saƙo ba.

Bappa na Jekadafari:
Adda, wallahi ban taɓa jin wannan ɓangaren daga bakin wadda ta tsaya ba. Allah ya saka muku. Amma ki ga inda tsorona yake: kin tabbatar da cewa ƙofar ma wurin mutuwa ce. To ba gara a rage masu zuwa da abin da za a bincika ba?

Adda 'yar agaji:
A rage, Bappa, amma ta hanyar kati. Kowace ɗaliba a ba ta katin baƙi biyar da sunanta a jiki, wadda ba ta da kati malamar ajin ta fito ta shaida ta. Baƙuwar fuska ita ce abin lura, kuma ba wanda ya san fuskokin unguwa kamar mata. Mu muke shiga gidajen suna da biki da makoki. Mai niƙabin da kuke tsoro, ni daga tafiyarta da muryarta zan gaya maka 'yar gidan wane ce.

Anti Nas:
Ina so in ƙara wani abu da ba a taɓo ba, ko da ya ɗan fita daga batun walima. Na yi aiki da matan da suka gudo daga Borno da Yobe suka zauna a garin nan. Zargin da muke kuka da shi, nasu ya ninka namu. Mace an kashe mijinta a gabanta, an tsare ta a daji, ta kuɓuto da goyo, ta zo nan a ƙi ba ta hayar ɗaki da zarar an ji harshenta. A famfo a janye yara daga kusa da ɗanta. A nan jiharmu, a Malam Sidi cikin ƙaramar hukumar Kwami, akwai sansanin gwamnatin tarayya inda ake karɓar mazan da suka ajiye makami, a yi musu wa'azi, a koya musu sana'a, a sallame su. Ba ina jayayya da shirin ba ne a nan. Ina cewa ne wanda ya riƙe bindiga an tsara masa hanyar dawowa cikin mutane, wadda aka sace kuwa sau da yawa ita da Allahnta. Akwai irin waɗannan mata biyu da 'ya'yansu ke cikin masu saukar nan. Ɗaya tana sa niƙabi, kuma ta gaya min dalilinta: ba ta son a riƙa nuna ta. Ku yi tunanin yadda ta ji da ta karanta takardar.

Abban Sadiƙ:
Ban san da wannan ba. Amma har yanzu ina ganin ana ɗora wa kwamiti abin da ya fi ƙarfinsa. Makarantar unguwa ce, kuɗin wata ma da ƙyar ake biya. Na'ura biyu, rumfa, buga kati, wa zai biya? Hani ba ya cin ko sisi.

Malama Asabe, Bolari:
Yana ci, Abban Sadiƙ, mata ne dai suke biya. Kuma ku duba inda ƙasar ta dosa. Firdausi Amasa an hana ta shiga bikin rantsar da lauyoyi a Disamban 2017 saboda hijabi, ta tsaya kan bakanta, aka rantsar da ita da hijabinta a Yulin 2018. Kotun Ƙoli a Yunin 2022 ta tabbatar wa ɗalibai mata na makarantun gwamnatin Legas 'yancin sa hijabi, bisa sashe na 38 na tsarin mulki. A shekarar ce rundunar 'yan sanda ta yarda jami'anta mata su sa ɗankwali a ƙarƙashin hula. Muna jin haushi idan Faransa ta hana rufe fuska, kamar yadda ta yi tun 2011, muna cewa an tsangwami Musulmi. Idan makarantar Alƙur'ani a Gombe ta rubuta irin wannan sharaɗi da hannunta, gobe wani ma'aikaci a asibiti ko jami'a zai ɗauko takardar ya ce ku ma ai kun yi. Kuɗin katin ni zan biya. Ƙanina yana da shagon buga takardu, zuwa jibi an gama.

Goggo ta Herwagana:
Zana da tabarma suna gidana, labule ma akwai. A turo yara su ɗauka.

Ɗan Pantami:
Masallacin Juma'armu yana da na'ura biyu, ranar Asabar ba a amfani da su. Zan yi wa shugaban 'yan agaji magana gobe bayan Asuba. Kuma a rubuta a sabuwar takardar cewa maza ma za a caje su, har masu babbar riga, har 'yan kwamiti.

Bappa na Jekadafari:
A fara da ni. Ba zan iya soke sharaɗin ni kaɗai ba, sai mun zauna. Na kira shugaba yanzu, ya ce gobe bayan Isha'i a ofishin shugaban makaranta. Adda da Malama Asabe ku zo, Maman Hanifa ke ma idan maigidanki ya amince. Abu ɗaya da ba zan sauka daga kansa ba: wadda ta ƙi shiga rumfar, ko wace ce, ba za ta wuce ƙofa ba.

Adda 'yar agaji:
Na yarda da wannan. Amma idan ta ƙi, mu mata za mu yi mata magana mu raka ta waje, kada wani namiji ya ɗaga murya, kada a bar yaran unguwa su taru a kanta. A rubuta wannan ma. Bayan Isha'i kuma dare ya yi mana, Bappa, akwai yara da girki. A mayar da shi bayan La'asar.

Abban Sadiƙ:
Bayan La'asar muna kasuwa. Ni dai ra'ayina yana nan, kuma zan faɗe shi a zaman.

Bappa na Jekadafari:
Ka rufe shago na awa ɗaya ka zo ka faɗa. Ƙarfe huɗu da rabi. Wa zai sanar da sauran iyayen da ba sa cikin zauren nan, musamman matan nan biyu da Anti ta ambata?

Anti Nas:
Ni zan je gidajensu da kaina da safe.